Fenti sau biyu, magani babu: ina kuɗin asibitinmu ke maƙalewa?

Wata ma'aikaciyar lafiya da ke aiki a ƙaramin asibitin wani ƙauye a ƙasar Daura ta aiko da wannan tambaya: "Baba, cikin shekara huɗu an yi wa asibitinmu fenti sau biyu, an kuma zagaye shi da katanga. Amma ɗakin ajiyar maganinmu wayam, firjin allurar rigakafi ya lalace tun bara, kuma ni kaɗai nake karɓar haihuwa dare da rana. Ga shi kullum muna ji a rediyo cewa kuɗin da ake raba wa jihohi ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai. Sace kuɗin ake yi, ko akwai abin da ban gane ba?"

'Yata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Na fara aikin gwamnati tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba na 1987, kuma a kan lissafin kuɗi da haɗa kasafi na ƙare shekaruna har na yi ritaya. Abin da zan faɗa miki ba na gwamnati ɗaya ba ne ko jiha ɗaya. Na gan shi a zamanin soja, na gan shi a zamanin farar hula, abokan aikinmu na wasu jihohi ma kukansu ke nan duk lokacin da taro ya haɗa mu.

Sata akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma da za a wayi gari babu ɓarawo ko ɗaya a gwamnati, a kuma bar tsarin kashe kuɗi yadda yake, ina tabbatar miki za a yi wa asibitinku fenti na uku kafin kwalin magani ya iso. Mafi yawan abin da kike gani a rubuce aka yi shi, da sa hannu, da amincewar majalisa. Shi ya sa ya fi sata wuyar magani.

Mu fara da inda kuɗin ke fitowa. Jiha irin tamu, kamar yawancin jihohin Arewa, mafi yawan abin da take kashewa daga Abuja yake zuwa. Duk wata ana zama a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Bayan an ware wa jihohi masu mai kashi 13 cikin 100 na kuɗin man, gwamnatin tarayya takan ɗauki kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Abin da kika ji a rediyo kuma gaskiya ne. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, abin da ake rabawa a wata ba ya kai naira tiriliyan ɗaya, a 2024 kuwa ya haura haka wata bayan wata. Sai dai a wannan tsakanin dalar da gwamnati ke canzarwa a kan kusan naira 460 ta wuce 1,500, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Maganin da kike jira kuwa, ko dai daga Indiya ko Sin aka shigo da shi, ko kuma da sinadaran can aka haɗa shi a nan, wato dala ce ke yanke masa farashi. Naira ta ƙaru a takarda, abin da take iya saye bai ƙaru haka ba.

Ki kuma duba yawanmu. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8. Mu ɗauka yanzu mun kai miliyan goma, don sauƙin lissafi. Duk naira biliyan 100 da kika ji an ambata, idan aka raba ta a kanmu, kowa naira 10,000 zai samu a shekara, kuɗin da ba ya sayen buhun taki ɗaya. A cikin irin wannan ne za a fitar da albashi da fansho da tsaro da hanya da ruwa da makaranta da asibiti. Ba don in wanke kowa nake faɗin haka ba. Mai kuɗi yana iya yin ɓarna gidansa bai kwana da yunwa ba, amma gwamnatin talakawa duk nairar da ta ajiye a inda bai dace ba, daga bakin wani ta cire ta.

Yanzu ga inda ciwon yake. Kasafin kuɗi izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Wajen ƙarshen damina ake aika wa ma'aikatu takarda kowa ya kawo buƙatunsa na baɗi. Idan aka tara su, sai a ga sun ninka abin da ake sa ran samu. Abin da ya kamata a yi shi ne a zauna a yanke, a ce wa wannan ka jira baɗi, a ce wa wancan ba za a yi ba. Amma cewa a'a yana da tsada a siyasa. Saboda haka maimakon a rage buƙatu, sai a kumbura hasashen kuɗin shiga. A ƙara a kan harajin cikin gida, a rubuta tallafin ƙasashen waje da ba a riga an sa hannu a kansa ba, a rubuta rancen da ba a gama tattaunawa ba, har ɓangarorin biyu su yi daidai a takarda. Sau da yawa mu da ke riƙe da alƙalamin mun san adadin ba zai samu ba, mukan kuma faɗa, amma a ce mu rubuta.

To mu ce an rubuta naira 100, naira 65 ta shigo. Wa zai zaɓi 35 ɗin da za a bari? Majalisa ta riga ta gama nata tun da ta amince. Zaɓin ya koma hannun masu izinin sakin kuɗi, wata-wata, a cikin ofis, babu mai gani. Kuma layin biyan sananne ne. Bashin da ake bin jiha tun daga Abuja ake cire shi kafin kason ya iso. Sai albashi, domin idan aka kwana biyu ba a biya ba ƙungiyar ƙwadago za ta rufe ofisoshi. Sai tsaro, wanda a halin da yankunan Jibiya da Batsari da Safana da Faskari suka shiga babu mai ja da shi. Sai hidimar manyan ofisoshi. Sai 'yan kwangila. Can a ƙarshen layi ake samun abin da muke kira kuɗin gudanarwa: magani, safar hannu, man janareta, gyaran firji, alli da rajistar makaranta, sinadarin tace ruwa. Kafin a zo kansu tukunya ta ƙare. Idan kika buɗe kundin kasafi za ki ga an rubuta wa magani kuɗi mai kauri, kuma ba ƙarya aka yi ba, an rubuta. Sakinsa ne ba a yi ba.

Abin da ya sa fenti yake tsallake magani a layin nan shi ne, fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Kwangilar fenti da katanga tana da mai ita. Yana da riba a ciki, don haka zai yi sammako ya bi ta tebur-tebur, ya san wanda ya tafi hutu, ya san wanda zai kira idan ta kwanta. Takardar neman magani ta ƙauyenku kuwa marainiya ce. Masu amfana da ita mata ne da yara da ba su taɓa taka sakatariya ba. Ga shi kuma fenti ana ganinsa daga bakin titi, ana yanka masa kyalle, ana ɗaukar hotonsa. Yaron da bai mutu da zazzaɓi ba saboda an samu magani a kan lokaci, babu wanda zai ɗauki hotonsa.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da mu masu ilimin boko muka taimaka wajen yaɗawa, kuma yana damuna ƙwarai. An saba raba kasafi gida biyu, manyan ayyuka da ayyukan yau da kullum, sai aka ɗauka na farkon shi ne ci gaba, na biyun kuma cin banza. Gwamna zai tsaya gaban majalisa ya ce kashi 70 na kasafinsa manyan ayyuka ne, a yi tafi, jaridu su yaba. Alhali albashinki, da na ungozomar da ya kamata a turo miki, da man da zai kai mai naƙuda babban asibitin Daura idan jini ya ɓalle, duk a cikin ragowar 30 ɗin suke. A harkar lafiya da ilimi, aikin kansa na yau da kullum ne. Gini mazubi ne kawai. Har ta kai wasu jihohi kan cusa sayen magani a ƙarƙashin manyan ayyuka don ya samu shiga, wanda kuma yakan mayar da shi kwangila guda ta shekara, a kawo abin da ɗan kwangila ya ga dama, wani lokaci saura 'yan watanni ya lalace.

Na tuna wata shekara da aka kawo mana buƙatar gina sabbin ƙananan asibitoci a wasu ƙauyuka. Na nemi a haɗo da takarda ɗaya tak da za ta nuna ma'aikata nawa kowanne zai buƙata, nawa zai ci a shekara, kuma daga wane aljihu. Aka ce mini a gina tukuna, sauran Allah zai kawo. Bayan shekara uku hanya ta bi da ni ta ɗaya daga cikinsu. Ginin na nan da kyansa, ƙofa a kulle, makulli a hannun maigadi, jemagu sun cika silin. Mutanen garin kuma har lokacin a kan babur suke kai marasa lafiyarsu wani gari. Ban taɓa manta fuskar dattijon da ya tambaye ni ko na zo buɗewa ne ba. Duk ginin da gwamnati ta yi, bashi ta ɗaukar wa kanta na kowace shekara har ranar da zai rushe. Wanda ba zai iya ciyar da doki ba, bai kamata ya saye shi don ranar hawan salla kawai ba.

Wannan ba a ƙananan ayyuka ya tsaya ba. An kammala madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983. Ruwa ya kwanta a cikinta shekara da shekaru, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, sai a 2021 aka ƙaddamar da wani sashe na aikin kai ruwan sha daga cikinta. An biya babban kuɗin tun farko, amma matatar ruwa da bututu da wutar da za su mayar da shi ruwan famfo suka yi ta jiran kasafi.

Lokaci ma kuɗi ne, kuma ke kin fi ni sani. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa a damina suke tasowa, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa. Maganin da za a sha a Agusta, a Maris ko Afrilu ya kamata a saki kuɗinsa. Idan aka sake shi a Disamba don a rufe littafin shekara, a takarda an kashe kashi ɗari bisa ɗari, amma yaran da aka tanade shi dominsu wasunsu an riga an binne su.

Batun ke kaɗai a wurin aiki kuwa, ba koyaushe rashin ma'aikata ba ne. Idan aka ɗauko jerin masu karɓar albashi aka duba inda kowa yake kwana, za a tarar an cunkushe a Katsina da Daura da Funtua, kowa da wanda ya tsaya masa kada a tura shi ƙauye. Ga kuma na bogi, da matattun da ba a cire ba, waɗanda haɗa albashi da lambar BVN ya rage su amma bai ƙarar ba. Maganin wannan ba ya buƙatar biliyoyi: alawus na gaske ga mai zaman ƙauye, ɗakin kwana mai ƙofa da ruwa, da ɗaukar 'yan asalin yankin a horar da su a mayar da su gida.

Za ki ce ina ƙaramar hukuma, tunda tsarin mulkin 1999 ya sa ta cikin masu kula da lafiya da ilimin firamare? Sashe na 162 na tsarin mulkin ne ya kafa asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi ke sauka a hannun jiha kafin ya isa gare su. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan su kai tsaye, aiwatarwar ce take tafiyar hawainiya. Ni ina goyon bayan kuɗi ya sauko kusa da jama'a. Amma na yi aiki a ƙaramar hukuma, na san idan babu ma'aji mai ilimi da mai binciken kuɗi da ba a iya tsorata shi, sai dai a rarraba matsalar gida 34, wato yawan ƙananan hukumomin jiharmu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an taɓa gyara irin wannan a ƙasar da ta fi mu talauci. A Yuganda, wani bincike da aka yi a 1996 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwar da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ne ke isa gare su. Sauran a ofisoshin gunduma yake narkewa, kuma yawancin shugabannin makarantu ba su ma san an aiko ba. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Iyaye da malamai ne suka san haƙƙinsu da adadinsa, suka fara tambaya.

Mu ma muna da ƙofa irin wannan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa masa kuɗi a kasafin 2018. Wani ɓangare nasa kai tsaye yake shiga asusun banki na asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, duk wata uku, shugaban asibitin da kwamitin mazaɓa su kashe shi a kan magani da ƙananan gyare-gyare. Kuɗin ba shi da yawa, amma na ga wuraren da ya yi abin da kwangilar miliyoyi ba ta yi ba, saboda wanda ke ganin rufin yana yoyo shi ke riƙe da kuɗin gyaransa. Haka ma asusun magani mai juyawa, wanda ya samo asali daga shirin Bamako na 1987: a zuba jari sau ɗaya, a sayar da rahusa, a sake sayowa. Manyanku a Daura za su tuna magungunan PTF, wato hukumar asusun rarar kuɗin man fetur, na zamanin da Janar Buhari ya shugabance ta, kafin a rushe ta a 1999. Inda irin wannan asusu ya mutu, yawanci ranta aka yi daga cikinsa don wata hidima ba a mayar ba, ko aka yi ta bayarwa kyauta ba tare da an ce ga wanda zai biya ba.

Bari in ɗan ratse. Mu Katsinawa bai kamata lissafin dukiyar jama'a ya zame mana baƙo ba. Katsina na cikin wurare na farko da aka kafa baitulmalin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, a Arewa, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, inda aka raba aljihun sarki da na jama'a, aka yanka wa hakimai da alƙalai albashi, aka riƙa rubuta kasafi. Kuɗin daga haraji da jangali yake fitowa, kuma an yi zalunci wajen karɓarsu, shi ya sa talakawa suka yi murna da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979. Ba na kiran a dawo da su. Amma tun da kuɗin mai ya maye gurbinsu, sai mutane suka fara kallon aikin gwamnati kamar kyauta, a yi godiya idan an samu, a yi haƙuri idan ba a samu ba. Alhali har yau kuna biya. Harajin kayan masarufi, wanda ya koma kashi 7.5 a 2020, yana cikin kuɗin katin wayarki, ga na kasuwa, ga na tasha, ga wanda ake cira daga albashinki. Dokokin kula da kashe kuɗi da na bayar da kwangila na tarayya ma, ɗan Katsina ne, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya sa musu hannu a 2007.

Da za a tambaye ni, zan ce a rubuta kasafi a kan abin da ya shigo bara da gaske, ko da zai fito ƙarami ya ba mutane kunya. A ɗauke kuɗin magani da na gudanar da makarantu da na ruwa daga ƙarshen layi a ɗora su kusa da albashi, su fita duk wata ba sai an rubuta takardar roƙo ba. Kada a aza tubalin sabon gini sai an nuna wanda zai zauna a ciki da abin da zai ci. A kuma ajiye wani abu a shekarar yalwa. Mun gani da idonmu lokacin da gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, jihohi da dama suka kasa biyan albashi sai da tarayya ta ba su rancen ceto. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke kuma, 'yata, ga abin da ke hannunki. Ki fara bincika ko asibitinku ne aka zaɓa a mazaɓarku don karɓar kuɗin asusun nan na tarayya. Idan shi ne, ki nemi sanin nawa ya shigo da ranar da ya shigo, a liƙa a bango inda masu jiran layi za su gani. Idan ba shi ba ne, ki san wanda aka zaɓa. Ki riƙe littafi na musamman: ranar da kowane magani ya ƙare, mutum nawa kika mayar saboda babu shi, haihuwa nawa kika karɓa ke kaɗai, yara nawa suka rasa rigakafi tun da firjin ya tsaya. Koke na baki ana jin sa a manta, amma adadi da kwanan wata suna tilasta wa jami'i ya ba da amsa a rubuce. Kada ki kai takardar ke kaɗai, domin ke ma'aikaciya ce, ana iya yi miki canjin wurin aiki. Kwamitin mazaɓa da mai gari da liman da shugabar mata su sa hannu, su kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ba kansila da ɗan majalisar jiha kwafi, kuma a yi haka kafin watan Satumba, lokacin da ake haɗa buƙatun baɗi. A cikin matasan garinku a samu mai waya ya sauko da kasafin jiha da rahoton aiwatar da shi na wata uku-uku, waɗanda jihohi suka fara sakawa a intanet a 'yan shekarun nan. Ya nemo layin magani, ya duba abin da aka rubuta da abin da aka saki, ya karanta wa kwamitin da Hausa.

A takardar farko kada ku jera buƙatu goma. Ku nemi gyaran firjin kaɗai, ku rubuta abin da ya lalace a jikinsa da kuɗin da mai gyara ya yanka, ku kuma rubuta ranar da za ku dawo jin amsa.